Tsohuwar Hiace, Sharon ko J5: wacce za ta jure hanyar ƙauyenmu?

Manomin Riɗi

Assalamu alaikum. Shawara nake nema wurin direbobi da makanikai da duk wanda ya taɓa zuba kuɗinsa a motar haya. Ni manomi ne a wani ƙauye tsakanin Gagarawa da Gumel. Bana riɗi da zoɓo sun yi albarka, na haɗa da kuɗin bijiman da na yi kiwo, ina so in sayi mota in damƙa wa ƙanena. Ya daɗe yana yaron mota, yanzu ya samu lasin, ga shi da iyali.

Daga garinmu zuwa bakin kwalta burji ne, wani wurin yashi zalla, da damina kuma akwai kwarin da ruwa ke kwanciya. Lahadi Gujungu, Alhamis Maigatari, sauran ranaku Gumel, in an samu lodin hatsi kuma a wuce Dawanau. Fasinjanmu ba ya zuwa hannu rabbana. Wannan da buhun gero, wancan da awaki biyu, tsohuwa da kwandon kaji.

Kuɗina ba su kai Homa, wato babbar Hiace ta zamani, ba, don haka kada ma a kawo zancenta. Abin da dillalai suka nuna mini uku ne: tsohuwar Hiace mai kafireto wadda ta sha aiki, sai Sharon mai kyan jiki da ta fi ta sauƙin kuɗi, sai J5 da aka ce ba ta ƙin kaya. Ƙanena Sharon yake so. Ni kuma abin da nake son sani, wacce ta fi shan mai, wacce ta fi kwana a gareji, kuma kayan gyaran wacce zan samu ba sai na shiga Kano ba? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Direban Gumel

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya sanya albarka a niyya. Ni na tsufa a wannan hanya tun ana yayin 504 mai bodi, kuma in ka tambaye ni sau goma, Hiace zan ce maka sau goma.

Ƙanenka yana son Sharon ne don tana da daɗin tuƙi, tana da gudu, kuma in ya tsaya a tasha samari za su ce sabuwar mota. Ban ga laifinsa ba. Amma Sharon motar kwalta ce. Bature ya yi ta don magidanci da iyalinsa, kujera bakwai, mu ne muka mai da ita ta haya muke cusa mutum tara ko goma har da na but. Daga Kano zuwa Dutse ko Haɗeja ba ta da abokiyar yi, tana cika da wuri ta tashi ta bar bas tana jiran fasinja. To amma cikinta a ƙasa yake. Ranar da aka ɗora mata buhu huɗu ta sauka burjinku, tun kafin kwalta za ka ji tukunyar baƙin mai tana gugar ƙasa. In ta fashe direba bai lura ba, inji ya tafi.

Hiace da tayoyin baya take ja, kuma sifirin na faranti gare ta a baya. Duk nauyin da ka ƙara mata, a kan tayoyin da ke tura ta yake sauka, shi ya sa cikin yashi da lodi ta fi kama ƙasa fiye da in tana fanko. Gaskiya tana shan mai, ba zan ɓoye maka ba, mai kafireto ma ta fi. Amma ka raba man da yawan kawunan da ta ɗauka da buhunan da ke sama. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta tsallake 1,000, direban da ba ya lissafin kai nawa ya ɗauka a kan lita nawa, mai gidan mai yake yi wa aiki.

Matsalarta ɗaya a wurinku, ranar da ba kasuwa ba, cika ta sai an sha zama. Wannan kam ka sa shi a lissafi.

Bakanike Ɗan Ringim

Baba Direba ya faɗi gaskiya, ina gaisuwa. Bari in ƙara ta ɓangarenmu, mu da muke kwanciya a ƙarƙashinsu.

Malam Manomi, Hiace ba iri ɗaya ba ce, kada dillali ya ce maka "Toyota ce ai" ka miƙa kuɗi. Ɗaga kujerar gaba ka ga injin da ke ciki. Masu fetur na wancan zubin, wanda aka fara a 1989, galibi 1RZ ne mai lita 2.0 ko 2RZ mai 2.4. Duka biyun sarƙa ce ke riƙe musu taimin, ba bel ba, kuma sarƙa tana yi maka ƙara ta ba ka sanarwa kafin ta gaji. Mai kafireto ba ta da burenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ba ta da tarin wayoyin da za su sa a tafi neman mai kwamfuta. In ta ƙi tashi a Maigatari ranar Alhamis, ko dai wuta ce ko mai, kuma a bakin kasuwar za ka samu wanda zai gano. In datti ne a kafireto, a wanke a hura a mayar, ka kama hanya.

Akwai kuma masu man gas, wato dizal, 3L da 5L. Waɗannan sun fi jan kaya, sun fi tsimin mai a lita. Sai dai man gas ya daɗe yana gaban fetur a tsada, taimin ɗinsu na bel ne wanda in ya tsinke a kan gudu bawul da fistin ke haɗuwa, sannan famfon injekta da nozul ba aikin kowa ba ne. Gas ɗin jarka da aka gauraya da kalanzir ko ruwa ya shiga, shi ke kashe su, kuma a ƙauye wani lokacin shi kaɗai za ka samu. Ga wanda zai fara, ni mai fetur zan ce.

Sharon kuwa, ka san su uku ne uwa ɗaya uba ɗaya: Volkswagen Sharan, Ford Galaxy da SEAT Alhambra, masana'anta ɗaya a Fotugal ta riƙa fitar da su tun daga tsakiyar shekarun 1990. A tasha duk Sharon ake ce musu, amma cikin ba ɗaya ba ne. Ta Volkswagen mai 2.0 danginsu ɗaya da injin Golf 3, don haka kayanta suna nan birjik kuma makanikai sun saba da shi. Galaxy mai 2.0 ko 2.3 injin Ford ne a ciki, kayansa daban, sai ka je Ƙofar Ruwa ka yi yawo. Mai silinda shida kuwa ko kyauta aka ba ka don haya, ka yi godiya ka sayar, man da take sha ya fi ƙarfin kuɗin mota na ƙauye. Ka guji mai giyar otomatik ma.

Abin da ke kawo mana Sharon gareji kullum ƙafa ce da zafi. Da gaba take ja, shaf ɗinta yana da robar da ke riƙe giris, yashi da ƙaya suna yaga ta, ƙasa ta shiga, sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas in an karya kwana. Ga bushin, ga boljoyin, ga shokozoba, duk burji yana cinye su. Ta wajen ruwa kuma mahaɗan tiyo na roba ne, sun tsufa, fankar lagireto ta lantarki ce. Cikin zafin Afrilu fanka ta tsaya direba yana hira bai kalli allura ba, gasket ya ƙone. Kowane gyara a cikin waɗannan shi kaɗai ba zai karya ka ba, yawansu ne ke gajiyar da mai mota. Hiace kuwa ba ta cika zuwa ba, amma ranar da ta zo da babban aiki, kayan Toyota na asali suna da tsada, kuma na jabu sun cika kasuwa saboda kowa su yake nema.

Wani abu da mutane ba sa so a faɗa: rabin injinan da nake saukewa ba tsufa ne ya kashe su ba. Baƙin mai na awo da ake saya a galan ba suna, juye da ake jinkirtawa sai an ga dama, ruwan rijiya a lagireto har ya toshe da gishiri da tsatsa, da cire iyakilina, wato matatar iskar inji, a jefar wai mota ta fi numfashi. A ƙurar hunturun Jigawa! Duk wadda ka saya, in haka za a riƙe ta, kafin kaka ta zagayo tana shan baƙin mai tana hayaƙi.

Mai J5 na Kwanar Gafan

Haba jama'a, kun yi ta zuba kamar J5 ba ta cikin tambayar. Oga Bakanike, kai ma ka tsallake ta, alhali ita ce ta rufa wa da yawanmu asiri a nan yankin Kura da Garun Malam.

Alhaji Manomi, in kaya ne sana'arka, cikin ukun nan babu mai ɗaukar abin da J5 ke ɗauka. Inji da giya duk suna gaba, bayanta ɗaki ne shimfiɗaɗɗe kuma a ƙasa, mai dako ba ya wahalar ɗaga buhu. Da ita muke kai tumatir da albasa da tattasai 'Yankaba, wasu har kudu suke lulawa da ita. Injin feturinta dangin na 504 ne, wadda aka yi ta harhaɗawa a Kaduna tun 1975, don haka duk tsohon bakaniken Peugeot ya san shi ciki da bai.

Amma tsakani da Allah, tunda amana ka nema. An daina ƙera J5 tun farkon shekarun 1990, Boxer ce ta gaje ta, ka ga ƙaramar cikinsu ta haura shekara 30. Abin da za ka saya bodi ne da aka yi wa walda sau ba adadi. Giyarta da shaf su ne ciwonta, kuma yawanci na hannu za ka samu ka ɗaura. Sannan ga abin da Baba ya ce game da yashi, a J5 akasinsa ne: in ka danne bayanta da buhuna, gaba ya yi sama, tayoyin da ke ja su rasa ƙasa. Mu nan daga bakin gona zuwa titi ba nisa. Wannan kwarin naku da damina, ina jin sai an kira samarin gari da shebur.

Fasinja ma ba sa son ta, sai in babu wata. In da za ka ce hatsi kaɗai za ka riƙa kaiwa Dawanau da rani, da na ce ka zo in raka ka mu zaɓo.

Hajiya Mai Bas Biyu

Sallama gare ku. Ni ba direba ba ce, ban kuma san sunan ƙarfe ko ɗaya ba, amma motocin da maigidana ya bari, Allah ya jiƙansa, ni nake riƙe da littafinsu a nan Ɗambatta, kuma abin da na gani a littafi shi zan faɗa.

Ɗan'uwa, kada ka kashe kuɗinka duka a saye. Duk motar hannu da ka ɗauko, sai ta nemi taya, batir, birki da juye kafin ta fara kawo ko sisi, ga takardu da inshora da rajistar ƙungiya a tasha. Wanda ya ƙarar da kuɗinsa a wurin dillali, gyaran farko ma bashi zai ci. Gara ka sayi wadda ta gaza burinka ka rage na gefe.

Mai ba shi ne ya fi ci mini kuɗi ba, don shi direba ke cire shi daga cinikin ranar. Zaman gareji ne. Ranar da mota ta kwana a can babu balas, wato kuɗin da direba ke kawo wa mai mota, ga kuɗin gyara, ga direba da iyalinsa suna kallonka. In kuma ranar ta faɗo a Lahadi, ranar kasuwarmu, to cinikin mako ne ya tafi. Akwai wata ƙaramar mota da muka taɓa riƙewa, ba ta shan mai ko kaɗan, kowa yana yaba ta, amma duk abin da ya lalace sai an aika Kano an jira. Da na tattara shekararta, bas ɗin da ake zagi da shan mai ta fi ta kawo kuɗi nesa ba kusa ba.

Ka kuma sa a ranka akwai lokacin da aiki ke tsayawa ba laifin kowa. Ku da kuke cin Maigatari kun fi ni sanin yadda kasuwa ta koma da aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 2023, sai a Maris na 2024 aka buɗe. Ambaliyar 2022 ma ta yanke hanyoyi da dama a Jigawa. Mota tana tsaye, takardunta suna ƙarewa.

Sai maganar ƙanenka, ka yi haƙuri in shiga abin da ba a tambaye ni ba. Ku zauna gaban wani babba a gidanku ku yanke: nawa ne balas, ran yaushe ake kawowa, wane gyara ne nasa, wane ne naka. Mu a nan, faci da ƙananan abubuwa na direba ne, inji da giya da taya na mai mota. A rubuta. Bare in ya ci maka kuɗi ka karɓe makulli, ƙani kuwa sai an taru a ɗakin mahaifiya. Kuɗin gyara kuma a ware shi duk mako a wani wuri da ba aljihunka ba, don ranar suna ko biki hannu zai kai.

Ɗan Hijet

Baba Alhaji, ni yaro ne a cikinku amma ku ba ni dama. Me ya sa ba wanda ya ambaci Hijet, ƙaramar motar nan ta Daihatsu? Injinta 660cc ne, silinda uku, man da Hiace za ta sha zuwa Gujungu ni na je na dawo da shi har da saura. Tana cika nan da nan, ranar da ba kasuwa ma ina yin sahu. Da kuɗin tsohuwar Hiace ɗin nan wataƙila ka samu mai lafiya ka rage canji.

Iyakarta dai a Japan kilo 350 aka rubuta wa mai buɗaɗɗen baya, wato buhu uku da rabi na hatsi, mu ne muke yi mata zalunci. Kuma da sitiyarin dama suke zuwa a juya shi nan, in mai juyin bai iya ba, ka sayi wahala.

Tsohon Direban Gumel

Yaro, Hijet ɗinka ta garin Gumel zuwa ƙauyukan kusa ce, a nan na yarda da kai. Ka ɗora mata buhu takwas ka hau hanyar Kano tirela ta wuce ka, sannan ka dawo mu yi magana. Tayoyinta ma ƙanana ne, ramin da bas za ta taka ta wuce, ita faɗawa take yi.

Manomin Riɗi

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya, maganarki ta shiga, na ma karanta wa yayarmu ta ce haka za a yi. J5 na cire ta, mai ita da kansa ya faɗi gaskiya. Ƙanena har yanzu yana gunaguni a kan Sharon, amma da na tambaye shi wa zai tura ta a kwari cikin Agusta, sai ya yi dariya.

Oga Bakanike, saura abu biyu. Dillalin ya ce injin Hiace ɗin "ba a taɓa buɗe shi ba". Yaya zan gane? Sannan wani ya ce in mai da ita mai amfani da iskar gas ta mota, wato CNG, wai ta fi araha.

Bakanike Ɗan Ringim

Motar haya mai wannan shekaru a ce ba a taɓa buɗe injinta ba, ka saurara kawai. Buɗewa ba aibi ba ne in an yi aikin da kyau. Ka tafi da bakanikenka, wanda kai za ka biya, ba wanda dillali zai kira ba. Ku je da sassafe ba tare da sanarwa ba, ka taɓa injin ka ji da sanyi, don inji mai ciwo in ya ɗumama yana ɓoye halinsa. A tayar a gabanka, ka tsaya a baya ka kalli salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, tana shan baƙin mai, ringi ne ko roban bawul. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa, ruwa ne ke shiga. Tun injin yana da sanyi a buɗe murfin lagireto a tayar, in ruwan yana tafasa da kumfa, gasket ko kan silinda ya taɓu. Murfin baƙin mai ma a duba cikinsa, in ka ga abu kamar madara, ka yi sallama. In an zuba baƙin mai mai kauri sosai sabo fil, ka tambayi dalili.

Bayan nan ku shiga ƙarƙashi. Inji ana sauyawa, amma shasi da ya karye aka yi masa walda, ko wurin da sifirin ke kamawa ya ruɓe, ba ya komawa daidai, taya za ta yi ta cin gefe ɗaya har ka gaji. Ku ɗora mata mutane ku hau burji, ba zagayen kwalta fanko ba. A saurari aksul na baya ko yana kuka, a ga ko giya tana fita da kanta. Tayoyi kuma akwai lamba huɗu a gefensu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi su. Taya mai zane raɗau amma ta shekara takwas, wadda aka yi don ƙanƙarar Turai, ita ce ke fashewa a kwaltar Afrilu.

Takardu: lambar shasi da ke jikin mota ta dace da ta takarda harafi da harafi, kuma ka ga takardar kwastan da idonka. A Janairun 2017 an hana shigo da mota ta iyakokin kan tudu, kuma hanyar Maigatari hanyar iyaka ce, za a tambaye ka. A yi takardar ciniki da shaidu, da canjin suna.

Iskar gas kuwa, gaskiya ne ta fi fetur araha, gwamnatin tarayya ma ta fito da shirinta tun 2023, kuma injin fetur irin RZ yana karɓar juyin. Amma tukunyar tana da nauyi, tana cin wurin buhu, mota tana ɗan rage ƙarfi, kuma sai inda ake da famfon cika ta. Kafin ka kashe ko kwabo, ka bi hanyar da motar za ta riƙa bi, daga garinku zuwa Gujungu zuwa Maigatari, ka ƙirga wurin da za ka cika. In sai ranar da aka shiga Kano, to sauran kwanakin da fetur za ka yi aiki kana ɗauke da tukunya a banza. Kada kuma ka yarda wani ya ɗaura maka tukunyar gas ɗin girki, ba iri ɗaya ba ne, ba ta jure matsin.

In kun sa rana, ka fara tambayar dillalin lambar injin, 1RZ ne ko 2RZ, ka rubuto mini, sai in gaya maka abin da za a ƙara dubawa.